Tuffar Wasu

Litinin, 10 ga Fabrairu, ƙarfe shida da rabi na safe

Ailén ba ta kwana a gida ba. Jiya da yamma, bayan an watse daga gashin naman Lahadi, ta kwashi kayanta ta koma gidan Silvina. 'Yata, a gidan ƙanwata. Saura kwana goma sha tara ta tashi zuwa New Zealand, kuma ga alama a can za ta ƙarasa su.

Fabián ya shigo kicin ya tarar ina wanke farantan da na riga na wanke. Ya ce, "Vani, ki kira ta mana."

Na ce in kira ta in ce me?

Ya ce, "Kin san abin da za ki ce."

Shekara ashirin da biyu da aure, sai yau mutumin nan ya yarda na san abin faɗa.

Ba zan rubuta abin da na ce a teburin ba. Mutum tara suka ji. Ya isa.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma, a wurin aiki

Ɗakin karatun babu kowa sai tsohon nan da ke zuwa shan iskar fanka. Na sauko da babban littafin taswira, wai zan kakkaɓe masa ƙura. Da kansa ya buɗe a shafin, don ya saba.

Na san sunayen kogunan New Zealand. Na san wane tsibiri ne ya fi sanyi, na karanta marubutansu da harshensu, ni kaɗai da ƙamus, a kan wannan tebur. Silvina ta yi shekara uku a can ta dawo da zanen tsuntsu a kafaɗa da Turancin da ba ya tafiya sai an tura shi. Kofuna ta wanke a gidan shayi. Amma yau ita ce malamar garinmu, Villa Regina. Duk yaron da ya samu bizar nan ta shekara ɗaya, ta aiki da yawon buɗe ido, sai uwarsa ta kai shi wurin Silvina kamar mai kai mara lafiya asibiti.

Ni kuma ina buga hatimi a littattafan da aka makara ba a dawo da su ba.

Talata, 11 ga Fabrairu, da rana

Ba ta kira ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na yamma

Na shiga ɗakinta don in buɗe taga. Taga kawai. A kan gado na ga takarda, da rubutun Silvina mai kama da sawun kaza, kanta an sa: "Abin da kowa ya kamata ya sani kafin ya tafi." Na kwafe a nan don in samu abin kushewa.

Kada ki tafi babu inshorar lafiya, ko da za ki rage cin abinci. Ki ɗauki hoton fasfo da biza ki aika wa wani a gida. Masauki, kwana uku kawai za ki kama tun daga nan, sauran sai kin gani da idonki. Makon farko ki buɗe asusun banki ki nemi lambar haraji, kafin ki nemi ko da saurayi. Duk wanda ya ce ki biya shi ya samo miki aiki, ɓarawo ne. Kada ki fara aiki babu yarjejeniya a rubuce. Kada ki ba kowa fasfonki ya riƙe miki. Mota, sai bakanike ya duba. Kada ki zauna cikin 'yan Ajantina kaɗai, za ki dawo ba ki koyi komai ba sai gulmar gida. Duk abincin da ke jakarki, har ganyen shayin mate, ki faɗa musu a filin jirgi kafin su tambaya.

Na karanta sau uku da jan biro a hannu. Waƙafi biyu na gyara. Sauran duk daidai ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Daidai ne.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da safe

Mu biyu muka cike takardun bizar nan, ni da Silvina, a kan teburin Baba, shekara ashirin da biyu da suka wuce. Ni na cike nata, don ba ta gane tambayoyin ba. Wannan ba ya cikin labaran da take ba yara.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Ta zo. Ba Ailén ba, Silvina. Wai ta zo karɓar rigar sanyin yarinyar da katin allurarta. An aiko ta, a gidana, ta karɓi kayan 'yata.

Ta same mu a ƙarƙashin inabi, ina zuba mate, shayin nan namu da ake sha a ƙoƙo ɗaya ana zagayawa. Ta ja kujera ta zauna kamar an ce ta zauna. Na cika ƙoƙon na miƙa wa Fabián. Ya sha ya dawo mini da shi. Na cika na sha. Na sake cikawa na miƙa wa Fabián, ta saman gwiwarta.

Fabián ya riƙe ƙoƙon kamar garwashi. A gidan nan ko mai karanta mitar wuta ba a tsallake shi a zagayen mate.

Silvina ta yi dariya. "Kai, Vani. Har abin ya kai nan? Tun muna yara haka kike, in kin yi fushi sai ki hana ni cokali."

Na ce, "Ke kuma tun muna yara abin da ke farantina ya fi miki daɗi."

"Ba ni na kira ta ba. Da ƙafarta ta zo, tana kuka."

"Kin iya buɗe ƙofa kam. Fita da shiga duk kin ƙware."

Ta tashi ta ce in ba ta rigar. Na ce rigar tana buƙatar wanki, zan kawo da kaina. Rigar fes take.

Da ta tafi Fabián ya ce, "Kin ji daɗi yanzu?" Na ce sosai. Na shiga banɗaki na daɗe.

Asabar, 15 ga Fabrairu, ƙarfe takwas na yamma

Na ƙara ɓata abin.

Na kai rigar da ƙarfe biyar, na manta Asabar ce ranar da take tara yaran da za su tafi. To, ban manta ba. Yara bakwai a tsakar gidanta, kowa da littafin rubutu, Ailén a gefenta tana zuba mata mate. Tana zuba mata. Ni sai na roƙa sau biyu take ɗora ruwa a wuta.

Na tsaya a bakin ƙofa babu wanda ya gan ni. Wata yarinya ta tambaya yaya aikin gonar tuffa yake, tunda yawancinsu can za su fara, Ailén ma ta riga ta samu wuri a wata gona a garin Hastings. Silvina ta gyara zama ta ce, "Wannan ai ba komai ba ne. Da akwati ake biya, don haka sauri ne kawai. Ku kama, ku fizge, ku jefa a jaka. Hannu biyu, kada ku tsaya kallo."

Na ji bakina ya buɗe da kansa.

Na ce, "A fizge? Ke kin taɓa hawa tsani a rayuwarki?"

Duk suka juyo. Na ce musu matar nan a gonar tuffa aka haife ta, amma ko kwando ɗaya ba ta taɓa cikawa ba. Baba a inuwa yake ajiye ta tana manna takarda a jikin akwati, wai rana tana sa ta ciwon kai. Ni ce na yi kaka tara a kan tsani. Na ce duk wanda ya fizge tuffa zai bar wutsiyarta a reshe, ya bar sawun yatsunsa a jikinta, kwana biyu mai duba akwati zai sallame shi. Na ce, "Ku tambaye ta yadda ake wanke kofi, a nan ne take da digiri."

Wani ya yi dariya ya haɗiye.

Ailén ta tashi, ta karɓi rigar daga hannuna, ta ce a hankali, "Ma, kin gama? In kin gama ki je gida."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi.

Gaskiya na faɗa. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ranar Lahadi ma gaskiya na faɗa.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, da rana

Babu gashin nama yau. Fabián ya ci burodi da cuku a tsaye.

Litinin, 17 ga Fabrairu, da safe

Jikar mahaifina, Don Aurelio Bassi, mai gona kadada goma sha biyu, za ta ƙetare teku ta tsinke tuffar wasu. Mu da mutanen arewacin Ajantina ke zuwa mana aiki kowace kaka, suna kwana a rumfa bayan gida, Mama tana hana mu cin abinci da su. Da Baba na raye da ya mutu.

Na rubuta wannan don in ji ina raina tafiyar. Bai yi aiki ba. Da za a ce mini yau in je in share kashin tumaki a can, da tsintsiyata zan tafi.

Talata, 18 ga Fabrairu, da yamma

Na gan su a kan titin San Martín, sun fito daga shagon jakunkuna. Silvina tana gwada mata yadda ake ɗaure igiyar jaka a ƙugu. Suna dariya. Mai shagon ya ɗauka uwa da 'ya ne, na gani a fuskarsa.

Na shiga kantin magani na sayi abin da ba na buƙata.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Saura goma.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana, a wurin aiki

Silvina ta zo ɗakin karatu. Rabonta da nan tun tana aji shida. Ta san ba zan iya ɗaga murya a nan ba, shi ya sa. Ba ta da ilimi amma ba wawuya ba ce.

Ta jingina da teburina ta ce, "Abin da kika faɗa kan tuffa gaskiya ne. Ban san komai ba a kai. Na gaya musu bayan kin tafi."

Na ce madalla.

"Kin san me ya sa take zuwa wurina? In ta tambaye ni wace riga za ta ɗauka, sai in gaya mata riga. Ke in ta tambaye ki riga, sai ki amsa mata abin da ya faru shekara ashirin da biyu."

Na ce mata nan wurin karatu ne.

Ta rage murya. "Ban sace miki kujera ba, Vani. Ke kika fasa. Na roƙe ki, kin tuna? Na ce mu jira baɗi. Kika ce in tafi, kada mu yi asara mu biyu. Sannan kika yi shekara ashirin kina kallona kamar na tsallake gawarki."

Na ce, "Kin aiko mini da katin gaisuwa mai hoton teku ranar da nake naƙuda."

"Ina na san ranar ce? Wata guda yake yi a hanya!"

Tsohon fanka ya ce shhh. Mu, ya ce wa shhh.

Kafin ta fita ta ce, "Shekaranjiya ta tambaye ni ko kin taɓa son haihuwarta. Na ce ta tambaye ki. Ta ce ai kin riga kin amsa, a gaban kowa."

Zan rufe ɗakin karatun da ƙarfe huɗu. Ban taɓa yi ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da safe

Ba haka na ce ba. Ban ce ba na so ba. Abin da na ce shi ne da ba don

A'a.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, da yamma

Abin da ba ya cikin takardar Silvina:

Rana ta can ta fi tamu cizo, a shafa mai tun kafin a ji zafi. Kwana uku na farko kafaɗa za ta ce ta mutu, ƙarya take. Ruwa kafin ƙishi. Kada a yi gasa da wanda ya shekara goma yana yi. A fara daga saman itace da jaka babu nauyi, a gama a ƙasa. A gaishe da mai tarakta, shi ne ke kawo akwati. Kada a raina kowa a layin gona, don wanda kake gani ba kowa ba shi zai nuna maka inda rassa masu nauyi suke.

Wannan na ƙarshen ba a gidanmu na koya ba. Wata mata 'yar Tucumán, cikin masu zuwa mana aiki daga arewa, ita ta koya mini, wadda Mama ta hana ni zama kusa da ita.

Na rubuta su. Wa zan ba?

Litinin, 24 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana

Na je tsohuwar gonarmu a kan keke. Rabona da ita tun da aka sayar, shekara goma sha huɗu. Dattijo Don Eusebio, wanda ya yi wa Baba shugaban ma'aikata, har yanzu shi ke kula da ita wa sababbin masu ita. Ya tsufa, ya ranƙwafa, bakin nan nasa kuwa yana nan.

"Wa nake gani? 'Yar Aurelio mai faɗa! Kin zo ki duba ko mun kashe itatuwan?"

Na ce na zo aron layi ɗaya ne, da tsani biyu da jaka biyu, ranar Alhamis da sassafe.

"Ke? Da wannan ƙugun? Tsanin ba shi da inshora."

Na ce 'yata ce za ta tafi tsinkar tuffa a ƙasar waje.

Ya cire hula ya sosa kai. "Ikon Allah. Ni ina neman masu tsinka ban samu ba, ku kuna aika naku bayan duniya. To me ya hana ta yi a nan?"

Na ce a nan aikin talaka ne, a can yawon buɗe ido ne. Ya yi dariya har da tari. Ya ce layi na goma sha bakwai, jajayen, na bakin ruwa.

Na aika mata saƙo. Sau shida na goge. Abin da ya tafi: "Alhamis, ƙarfe shida, gonar kakanki. Ki yanke farce."

Talata, 25 ga Fabrairu, da safe

Ta karanta. Alamar ta nuna ta karanta. Shiru.

Laraba, 26 ga Fabrairu, da yamma

Ko tana can tana tambayar Silvina in ta zo ko kada ta zo. Kuma in ta zo, da izinin Silvina ta zo ke nan. Har wannan ma sai na ci daga hannunta.

Na yanke nawa farcen.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Ta zo. Shida da kwata, a kan keken Silvina, fuska a ɗaure. Ba mu gaisa ba. Ta miƙo mini hannayenta biyu kamar 'yar makaranta. Farcen a yanke.

Na rataya mata jakar a ƙirji na ja igiyoyin. Ta ce ta matse. Na ce in ta yi sako-sako bayanki zai gaya miki da rana. Na nuna mata tsani, mai ƙafa uku: a jefa ƙafa ɗayar cikin itacen, a taka matakin farko a girgiza kafin a yarda da shi, matakai biyun sama kuma ba na tsayawa ba ne ko me ya rage a reshe.

Ta kai hannu ta kama tuffa da yatsu ta ja. Reshen ya biyo ta, biyu suka faɗi ƙasa, ta hannunta ta fito babu wutsiya.

Na ce, "To, ga karatun Tía ɗinki." Tía, wato inna, haka take kiran Silvina.

Ta ce, "Ma."

Na ɗauki hannunta na sa a ƙarƙashin wata. Ba yatsu ba, tafi. Ki tallabe ta kamar ƙwai. Ɗan yatsa ɗaya a gindin wutsiya. Kada ki ja ƙasa, ki ɗaga ta sama ki juya, kamar kina so ta kalli rana. Ta yi. Ta saki da ɗan ƙas, da wutsiyarta, tohon baɗi na nan a reshe.

Ta kalli tuffar ta kalle ni. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sau dubu goma a rana."

Na nuna mata yadda ake sa ta a jaka, hannu har ƙasa, ba jefawa ba. Yadda ake sunkuyawa cikin akwati a kwance gindin jakar a ja baya a hankali, su gangaro ba tare da an ji ƙara ba. In kin ji ƙara, kin yi ɓarna. Ba za ki gan ta yau ba, sai bayan kwana uku tabon zai fito.

Ta ce, "Kamar wasu maganganu."

'Yata ce. Ba ni da wanda zan kai ƙara.

Muka yi awa biyu, ita a gefe ɗaya na itace ni a ɗaya, ba ma ganin juna sai ƙafafu. Jikina ya tuna komai, ƙuguna ne kawai bai yafe ba. Don Eusebio ya wuce ya leƙa akwatinmu, ya jujjuya guda biyar, ya ce, "Ta yarinyar ta fi ta uwar." Ƙarya yake, amma na bar shi.

Ta cikin ganye ta tambaya. Ina jin da muna kallon juna ba za ta iya ba.

"Ma, gaskiya ne? Da ba don ni ba da kin tafi?"

Na daɗe riƙe da tuffa ɗaya.

Na ce, "Gaskiya ne. Biza na hannuna na gane ina da cikinki. Saura mako biyar."

"Kin yi nadama."

"Akwai ranakun da na yi. Ba zan miki ƙarya ba, kin fi ƙarfin haka. Amma ba ke nake nadama ba, Ailén. Ni so na yi in samu duka biyun, ke da tafiyar. An ce in zaɓa, na zaɓa, kuma ko yau aka sake tambayata ke zan ɗauka. Sai dai ɗayan bai daina ciwo ba."

Na ce tunda na fara bari in ƙarasa.

"Kishinki nake yi. Kin ji? Uwarki, mai shekara arba'in da bakwai, tana kishin 'yarta kamar wata ƙawar aji. Kullum na ga jakar nan taki sai in ji kamar in cinna mata wuta. Abin kunya ne, kuma nawa ne, ba naki ba. Na ɗauke shi na jefa miki a gaban mutane. Ki yafe mini."

Na ji tsaninta ya motsa. Ta zagayo, fuska duk majina, jaka cike a ƙirji, ni ma haka, muka rasa yadda za mu rungumi juna. Ta ce, "Tsohuwa, za mu yi musu tabo." Muka je muka juye tukuna, a hankali, kamar mutanen kirki.

A hanyar dawowa ta ce takalmanta sai an wanke su tas, wai a filin jirginsu ba a shiga da ko ɗigon ƙasar wata gona. Tía ce ta gaya mata. Na ce Tía ta yi gaskiya. Bai kashe ni ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, da safe

Ta kwana a gida. Na goge ƙasar gonar Baba daga ƙasan takalmanta da tsohon buroshin haƙori. Ta fi yadda na zata taurin fita.

Asabar, 1 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Motar Buenos Aires ta tashi biyar da rabi. Daga can jirgi, jibi.

Silvina ta yi kuka a tasha kamar ita ta yi naƙudar. Ta rungume ta sau uku, na ƙirga. Ta cusa mata alewar madara a aljihu tana cewa ta cinye kafin ta sauka. Fabián yana ta duba tayoyin motar, wai yana so ya tabbatar.

Ni ce ta ƙarshe. Ta ja ni bayan motar, inda injin ke ruri.

Ta ce, "Ma, ina da aikin da zan ba ki. Na san kaina. Akwai ranar da zan kira ina kuka in ce zan dawo. In na kira Tía, za ta ce in taho, gida gida ne. Baba zai aiko da tikiti kafin in gama magana. Ke zan kira. Ki hana ni."

Na ce, "Don ni ce muguwar?"

"Don ke kaɗai kika san abin da ake ji in ba a je ba."

Na ce na ji.

A hanyar gida Silvina ta tambaye ni me ta ce mini. Na ce maganar uwa da 'ya ce. Allah ya yafe mini, na ji daɗin faɗin wannan har cikin ƙashina.

Talata, 4 ga Maris, da safe

Ta sauka lafiya. Saƙon farko wayar Silvina ya shiga, tambaya kan lambar haraji. Nawa ya zo bayan minti goma sha ɗaya. Ba ƙirgawa nake ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Hoton teku. Ruwan ya fi na taswira shuɗi. Na kife wayar, na sake ɗagawa.

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ta kira da ƙarfe uku, ina wurin aiki. A can gari ya waye, har sun shiga gobe. Na fita bayan gini na ɗauka.

Da farko ban ji komai ba sai numfashi. Sannan ta ɓarke. Kwana tara tana aiki, ruwa ya hana su uku. Su shida a ɗaki, wani yana minshari, an cinye mata abinci a firji. Ba ta gane Turancinsu, suna magana kamar bakinsu cike da dankali. Jiya ta zame daga tsani, ba ta karye ba amma gwiwa ta kumbura. Ta duba, akwai jirgi ranar Talata.

"Ma, ba zan iya ba. Ina so in dawo gida. Don Allah."

Ɗakinta yana nan yadda ta bar shi. Na canza zanen gado ranar Litinin ba tare da dalili ba. Kalma ɗaya ce, kuma da Laraba mai zuwa tana kicin ɗina tana ɗora ruwa. Da ta dawo mini. Da babu sauran hoton teku. Da mun zama mu biyu a gidan nan waɗanda ba su yi ba, kuma akwai wani wuri a cikina, ba zan ɓoye wa takarda ba, da ya miƙe tsaye yana murna.

Na ce, "A kan wane mataki kike da kika zame?"

Ta ce, "Na biyu daga sama."

"Me na ce miki?"

"Ma..."

"An dawo miki da akwati ko ɗaya?"

"A'a. Mai dubawa ta ce nawa ne suka fi tsabta."

"To ki sa ƙanƙara a gwiwar, in ba ta sace ba gobe ki je a duba, don haka aka yi inshora. Ki rubuta sunanki a jikin abincinki da manyan baƙaƙe. Ki sayi abin toshe kunne. Ba za ki hau jirgin Talata ba, Ailén. Ba ki da gida a nan sai baɗi."

Ta yi kuka sosai. Ta ce ni muguwa ce. Na ce an sha faɗa. Can na ji wani yana kiran sunanta, yana karya shi gida uku, ta ja majina ta ce motar gona ce, za ta tafi.

Na mayar da wayar aljihu. Sannan na koma ciki, akwai yaran makaranta a layi suna jiran hatimi.